Yadda Ake Tono Saiwar Kalma a Nostaratik Ba Tare da Ka Yaudari Kanka Ba

Katin farko da na taɓa rubutawa a wannan harka ƙarya ce a kansa, kuma har yau yana nan cikin kwalin takalmin da nake tara katunana. A sama na rubuta "mutum", a ƙasa na rubuta "mtu" na Suwahili, na ja masa layi biyu don murna. Ina aji biyu a jami'a lokacin. Na kai wa malaminmu na nazarin harshe, ya duba, ya ce mene ne jam'in mtu? Na ce ban sani ba, malam. Ya ce watu, ya miƙo mini katina, ya ci gaba da abin da yake yi. Sai da na kama hanyar ɗaki na gane abin da ya nufa. A Suwahili m ɗin nan ɗafi ne na tilo, wa na jam'i, saiwar kalmar kuwa -tu ce kaɗai. A mutum da mutane m ɗin a jikin kalmar yake. Kama da wane ba ta wane.

Na fara da wannan ne domin duk mai son shiga aikin Nostaratik zai yi ta cin karo da mtu ɗinsa, kusan kowace rana, kuma babu malamin da zai miƙo masa katinsa.

Nostaratik hasashe ne cewa wasu manyan dangogin harsunan duniya daga kaka ɗaya suka fito, kakan da ake jin an yi magana da shi fiye da shekara dubu 12 da suka shige. Holger Pedersen, mutumin Danmak, shi ya raɗa sunan a 1903, daga kalmar Latin da ke nufin "ɗan ƙasarmu". Amma wanda ya mai da zancen aiki mai ƙa'ida shi ne Vladislav Illich-Svitych a Mosko. Ya jera dangi shida: Indo-Turai na su Ingilishi da Latin da Rashanci, Ural na su Finlan da Hangari, Altai na su Turkanci da Mongol, Kartbel na Jojiya, Dirabidiya na su Tamil a kudancin Indiya, sai Afro-Asiya, wato danginmu, inda Hausa ke zaune a reshen Cadi tare da Bolanci da Ngizim, kusa da reshen Larabci da na tsohon Misiranci da na Buzaye. Mota ta buge shi ya rasu a watan Agusta 1966 yana da shekara 31, abokinsa Vladimir Dybo ne ya tattara takardunsa aka buga su kashi uku, a 1971 da 1976 da 1984, da saiwoyi 378. Aharon Dolgopolsky, wanda ya fara irin wannan bincike a lokaci ɗaya da shi kafin ya koma Haifa, ya fitar da nasa ƙamus a 2008 mai saiwoyi kusan 3,000. A Amurka kuma akwai Allan Bomhard da tasa hanyar. Yawancin masana tarihin harshe ba su yarda an tabbatar da Nostaratik ba, kuma gara ka san haka tun daga ƙofa. Duk kalmar da ka ga an sa mata tauraro a gaba, kamar *wete "ruwa", ba wanda ya taɓa jin ta ko ya gan ta a rubuce. Lissafi ne ya kai mu gare ta.

To ga yadda nake yi, da yadda nake ba ɗalibai shawara su yi.

Abu na farko, kada ka taɓa ɗora kalmar Hausar yau kusa da ta Ingilishin yau ko ta Tamil ɗin yau ka ce ka ga wani abu. Hawa ake yi mataki-mataki. Sai ka wanke kalmar a cikin gidanta, ka kai ta ga kakan reshenta, daga nan ga kakan danginta, sannan ne take da izinin fita waje ta gaisa da baƙi.

Bari in nuna da kalmar harshe ita kanta. Jam'inta harsuna, kenan sh ɗin asalinsa s ne, wasalin e ne ya ganɗantar da shi, kamar yadda t ke komawa c a mota da motoci. Ka tafi Sakkwato, za ka ji halshe, kenan akwai l a wurin. Yanzu muna da hals-. Sai ka kula da hanci, haƙori, hannu, hanji, hanta, haɓa. Sassan jiki da yawa haka duk su fara da ha-? Masana da dama na ganin tsohon ɗafa-goshi ne da ya manne. In ka ɓare shi, abin da ya rage l-s ne. Sai yanzu za ka ɗaga kai ka ga lisan na Larabci, da iles na Buzaye da 'yan uwansu, da las na Kibɗawan Masar. Wanda ya tsaya a kan "harshe" yadda take a bakin Bakano, ya shiga neman kalma mai h-r-sh a Turkanci, ya ɓata tun kafin ya fito daga zaure.

Hausa tana da wasu dokokin sauyin sauti da dole ka haddace su kafin ka taɓa komai. Wadda aka fi sani ita ce da ake kira da sunan August Klingenheben, Bajamushen da ya bayyana ta wajajen 1928: baƙin da ya zo ƙarshen gaɓa yakan raunana. Shi ya sa muke da talaka amma talauci, k ya zama w. Shi ya sa ake da farke amma fatake, t ya zama r. Shi ya sa amre na Katsina da Sakkwato ya zama aure a Kano, zamna ta zama zauna, sabro ya zama sauro. Paul Newman ya nuna wata kuma, cewa tsohon r na Cadi ya koma y a Hausa in ba a farkon kalma yake ba, har wani lokaci ya narke: *mar ya ba da mai, kifi kuma a da akwai r a tsakiyarsa. Kenan in ka ɗauki aure ka tafi kasuwar duniya da a-u-r, jabun kuɗi ka riƙe. Abin da ke hannunka a-m-r ne.

Wani lokaci wankin zai nuna maka cewa kalmar ba ta da hurumin fita ko kaɗan. Ruwa misali ce. Na ga masu sha'awa suna haɗa -wa ɗinta da water na Ingilishi da voda na Rashanci. Amma ka leƙa maƙwabta: Bolawa amma suke cewa, Ngizim am. Kalmar da ta yaɗu a Cadi mai m ce, ita ce ma ake kwatantawa da ma'u na Larabci. Hausa ce ta yi nata sauyin daga baya. Kalmar da ba ta kai ga kakan Cadi ba, da wace ƙafa za ta kai ga kakan kakanni?

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba. Ginshiƙan nan shida ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Indo-Turai an shafe shekara fiye da 200 ana aikinsa, yana da rubuce-rubucen Hitti, tsohon harshen yankin Turkiyya ta yau, da Sanskirit na Indiya da Girkanci na dubban shekaru. Ural da Kartbel da Dirabidiya su ma tsaye suke daram. Altai kuwa, tun 1956 Gerard Clauson ya fara musun cewa dangi ne, Gerhard Doerfer ya bi bayansa, kuma yau da yawa na ganin kamannin Turkanci da Mongol zaman tare ne da aron juna. Namu Afro-Asiya ba wanda ke musun cewa dangi ne, amma sake gina kalmominsa bai daidaita ba. A shekara ɗaya, 1995, aka fitar da manyan ƙamusoshi biyu na saiwoyinsa, na Christopher Ehret da na Orel da Stolbova, kuma in ka ajiye su gefe da gefe wuraren da suka saɓa sun fi inda suka dace yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka a kan kowane kati nakan rubuta wa ya gina saiwar, kuma harsuna nawa ne a cikin dangin suke da ita. Kalmar da aka samu a harshe ɗaya tak cikin harsunan Cadi sama da 150 ba ta zama "Afro-Asiya" ba don kawai an buga ta a shafi da tauraro.

Bayan wanki sai tankaɗe. Abu uku nake fitarwa ba tare da tausayi ba.

Na ɗaya kayan aro. Mu Hausawa mun san wannan ciwo, littafi da alƙalami da sabulu duk baƙi ne, kasuwa ma ta Larabawa ce da ta biyo ta hannun Barebari. Sabulu da savon na Faransanci tushensu ɗaya, amma fatauci ne ya haɗa su, ba haihuwa ba. Matsalar ita ce aron da ya shekara dubu 4 ba ya zuwa da lambar shaida. Sata na Finlan, ma'ana ɗari, daga harsunan Indo-Iran aka karɓo shi, haka porsas "ɗan alade" daga Indo-Turai. Tauros na Girkanci da saur na Larabci, duka bijimi; vinum na Latin da ghvino na Jojiya da *wayn na Samawa, wato reshen su Larabci da Ibrananci, duka ruwan inabi. Irin waɗannan kalmomi na dabbar gida, abin sha, ƙidaya da kayan sayarwa su ne suka fi kowa yawo. Kuma ka tuna Indo-Turai ya yi maƙwabtaka da Ural da Kartbel na tsawon zamani. In saiwa ta bayyana a dangi biyu maƙwabta kawai, ni a tulin "ana zargi" nake jefa ta.

Na biyu kalmomin bakin jarirai. Mama, baba, dada, nana. Leɓen jariri ne ke ƙera su, kowace al'umma ta raba musu ma'ana yadda ta ga dama. A Jojiya mama uba ne, deda uwa. Na uku kwaikwayon sauti: hura, tofa, tari, sunayen tsuntsayen da aka raɗa daga kukansu. Kowa ya ji hankaka zai sa masa k. Lyle Campbell, da ya bi jerin Illich-Svitych ɗaya bayan ɗaya a 1998, ya nuna cewa kaso mai tsoka na irin waɗannan ne, kuma Illich-Svitych da kansa ya yi wa wasu alamar haka.

Yanzu ga zuciyar aikin: dokar dacewar sauti. Abin da ke tabbatar da zumunci shi ne sauti kaza a nan ya riƙa fuskantar sauti kaza a can, a kalma bayan kalma. Pater da father, piscis da fish, pes da foot: p na Latin, f na Ingilishi, kullum. Wannan ita ce dokar da Jacob Grimm ya tsara a 1822. Kamanni na iya ɓacewa gaba ɗaya zumunci na nan. "Biyu" a Armeniyanci erku ne, a Latin duo, kuma 'yan uwa ne na jini, domin tsohon *dw- ya koma erk- a wasu kalmomin Armeniyanci ma, kamar erkar "dogo". A ɗaya gefen, deus na Latin da theos na Girkanci duka abin bauta suke nufi, sun yi kama kamar an tsaga kara, amma ba su haɗa komai ba, don d na Latin ba ya fuskantar th na Girkanci a farkon kalma.

Shawarata a nan ita ce ka rubuta dokarka a takarda, ka manna a bango, kafin ka buɗe ƙamus. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka bari sai ka ga kalma mai daɗi sannan ka yanke wace doka za ta yi aiki, kowace kalma za ta wuce.

Kuma a Nostaratik dole ka zaɓi gida, don dokokin biyu ne, kuma ba sa ga maciji. Rigimar a kan baƙaƙen da muke kira tunkuɗau take, irin ƙ da ts namu. Bahaushe ya yi sa'a a nan, abin da ɗaliban Turai ke shaƙe wuya su furta, shi da shi ya tashi. Jojiyanci na da su, haka Amharik. Mutanen Mosko sun ce ƙ na Nostaratik ya zama k a Indo-Turai, k ya zama g, g ya zama gh. Haka t mai tunkuɗa ya zama t, t ya zama d, d ya zama dh. Bomhard ya bi ra'ayin da Gamkrelidze da Ivanov, da kuma Paul Hopper, suka fito da shi a 1973, cewa abin da ake rubutawa d da g a tsohon Indo-Turai asalinsu tunkuɗau ne. Don haka a wajensa ƙ na Jojiya g na Indo-Turai yake fuskanta, k kuma ya fuskanci k. Ka ga kenan in aka ba su kalmar Jojiya mai ƙ, ɗaya zai tafi shafin k a ƙamus, ɗaya ya tafi shafin g. Kowannensu kuma ya dawo da ɗaruruwan misalai. Ranar da na fahimci wannan ban yi barci da wuri ba. Aƙalla ɗayansu ya tara ɗaruruwan dacewar banza da hanyar da ake ganin mai tsauri ce, kuma in hakan na iya faruwa ga ɗaya, me zai hana ta faru ga duka biyun? Ko ga ni da kwalina?

Mu gwada da saiwa biyu. *Wete "ruwa": a Indo-Turai *wed-, wanda ya ba da water da voda da watar na Hitti, kalmar da ta taimaka wa Bedřich Hrozný ya gane a 1915 cewa Hitti ɗan Indo-Turai ne. A Finlan vesi, kuma kada s ɗin ya tsorata ka, a wasu siffofin kalmar veden da vettä ake cewa, ti ne ya koma si, kamar sata da sace a wajenmu. Ma'ana ɗaya, sauti ya bi doka. Kyakkyawan kati ne. Sai dai Ural ba ya bambanta t mai tunkuɗa da marar tunkuɗa, don haka duka gidajen biyu na iya cewa nasu ne, kuma masu musu na cewa aro ne tsakanin maƙwabta.

Ta biyu ta fi koyarwa. Indo-Turai *kerd- "zuciya", wadda ta ba da cor, cordis na Latin da kardia na Girkanci da heart. Jojiya mƙerdi "ƙirji". A dokar Mosko baƙin farko ya zauna cif: ƙ da k. A dokar Bomhard bai zauna ba. Amma duba na ƙarshe. A dokar Mosko ɗin ita kanta, d na Jojiya dh ya kamata ya fuskanta, ga shi kuwa d muka samu. Sai an kawo ƙarin bayani kafin ta shige, kuma akwai masanan Kartbel da ke ganin aro ce kawai daga Indo-Turai. In ka samu irin wannan, rubuta ƙarin bayanin da jan biro a bayan katin. Katin da jan biro ya yi masa yawa ka san matsayinsa.

Sai ma'ana, kuma a nan ne na fi ganin mutane masu hankali suna sakin linzami. Sauti yana da doka, ma'ana ba ta da irin wannan doka, tana da hanyoyin da ta saba bi ne kawai. Kuɗi jam'in wuri ne, ƙwaryar dodon koɗin teku. Jirgi na ruwa ne kafin ya hau dogo ya tashi sama. Wuta ta zama lantarki. Tunda haka ne, mai bincike sai ya ce wa kansa ai komai na iya zama komai, ya haɗa "haske" da "fari" da "gani" da "ido" da "rana" da "ƙonewa" a saiwa ɗaya.

Ɗauki biro mu yi lissafi. A ce harshe na da baƙaƙe 20, saiwa kuma baƙi biyu ce, kamar yadda yawancin saiwoyin Nostaratik suke, wasali kuwa sau da yawa V kawai ake rubutawa, ma'ana ba a san ko wanne ba ne. Damar kalma biyu masu ma'ana ɗaya su dace a banza ɗaya ce cikin 400. In ka sassauta ka ce kowane baƙi na iya fuskantar uku, ta zama 9 cikin 400, wajen ɗaya cikin 44. In ka ƙara da cewa ma'anoni goma makusanta duk sun halatta, ta zama kusan ɗaya cikin biyar. Yanzu ka tuna dangi shida ne, kuma ana karɓar saiwa in ta fito a biyu kawai. Hanyoyin zaɓen biyu cikin shida 15 ne. A wannan matakin abin mamaki shi ne ka nemi saiwa ka rasa. Lissafin nan na gida ne, baƙaƙe ba sa zuwa daidai wa daida a harshe na gaske, kuma hakan ƙara wa dacewar banza yawa yake yi. Masanin harshe Don Ringe ya yi irinsa da zurfi a shekarun 1990.

Dokata a kan ma'ana guda biyu ce. Ta farko, ba na yarda da tsallen ma'ana sai na iya nuna harshe na gaske da ya yi wannan tsallen, zai fi kyau a ce harsuna da yawa da ba su san juna ba. Rana da yini, wata na sama da wata na kwana 30, ido da idon ruwa kamar ain na Larabci, waɗannan hanyoyi ne da ƙafa ta tattake. Zuciya da ƙirji ma haka. Mu kanmu mukan ce gabana ya faɗi, alhali zuciya muke nufi, don haka ta fuskar ma'ana ban da ja da mƙerdi. Ta biyu, taki ɗaya nake bari. In sai na bi ta "ƙirji" zuwa "gaba" zuwa "fari" zuwa "shugaba" kafin kalmomin su haɗu, na yaga katin.

Akwai kuma tarkon ma'ana mai faɗi. In ka ga an fassara saiwa da "lanƙwasa, juya, kewaye, abu mai ƙumburi", ka sani raga ce aka shimfiɗa don ta kama kowane kifi. Mutanen wancan zamanin ba su yi magana da gajimare ba, suna da kalmar gwiwa, da ta ƙugiya, da ta tudu, kamar kowa.

Ga misalin da ake gina ma'ana da kyau, shi ne katin da na fi so. Latin glos, 'yar'uwar miji. Girkanci galos, haka. Rashanci zolovka, haka. Finlan käly, matar ɗan'uwa ko 'yar'uwar miji ko ta mata. Ibrananci kalla, amarya ko matar ɗa, Akadiyanci kallatu. Jojiya kali, mace. Turkanci gelin, amarya ko matar ɗa. Yadda za ka yi shi ne ka jera ma'anonin ka tambayi kanka wace ɗaya ce za ta iya haifar da sauran da taki ɗaya-ɗaya. "Mace" ta yi faɗi, ba ta bayyana dalilin da ya sa kusan duka suka taru a kan aure ba. "Amarya" ta yi ƙunci, ƙanwar miji ba amarya ba ce. Abin da ya rage shi ne macen da aure ya haɗa ku da ita, ta wancan gidan, abin da ya ƙunshi suruka da facala da dangin miji. Haka kuwa aka fassara *kälu. K da g sun bi dokar Mosko. Amma ko a nan sai ka tankaɗe: gelin yana da bayani a cikin gidansa, gel- a Turkanci "zo" ne, amarya ita ce wadda ta zo. Kalmar da ke da uba a gida ba a nema mata uba a waje. Na cire ta. Kali na Jojiya na sa mata alamar tambaya saboda faɗin ma'ana. Dangi uku suka rage, kuma ukun sun ishe ni in ajiye katin a gaba.

In kana neman inda za ka fara, kada ka fara da shafin farko na ƙamus. Dolgopolsky ya yi wani aiki mai amfani a 1964: ya bincika waɗanne ma'anoni ne harsuna suka fi jinkirin sauya musu kalma, ya fito da 15. Ni, biyu, kai, wa ko me, harshe, suna, ido, zuciya, haƙori, a'a, farce, ƙwarƙwata, hawaye, ruwa, matacce. Yi wa kowace layi, ka cika gurbin dangi shida da saiwar da masanan dangin suka gina, ba wadda kai ka zaɓo ba. Layin "suna" zai ba ka *nimi a Ural, nimi a Finlan da név a Hangari, kusa da nomen na Latin da naman na Sanskirit. Gurbinmu kuwa s-m zai ba ka: ism na Larabci, shem na Ibrananci, suna namu. Bai shiga ba, kuma ka rubuta cewa bai shiga ba. Guraben da suka ƙi cika su ma sakamako ne, kuma su ne ba ka gani a manyan ƙamusoshin, don ba mai buga abin da ya nema ya rasa.

Layin wakilin suna ne ya fi kowanne ƙarfi. Latin me da te, Finlan minä da sinä wanda asalinsa t ne, Jojiya me, Kazak men da sen, Mongol mai min- a siffar mallaka. M na mai magana, t ko s na wanda ake yi wa, daga Turai har Saberiya. Wakilin suna ba a cika aronsa ba, kuma tsari ne na biyu tare, wanda ya fi kalma ɗaya wuyar faɗowa a banza. Sai dai gajeru ne ƙwarai, baƙi ɗaya-ɗaya, kuma m na cikin sautukan da suka fi yawa a ƙananan kalmomi ko'ina. Ka juyo gida kuma: ni, kai, ke. Ka da ki namu su ne -ka da -ki na Larabci, gidanka da baituka, shaidar Afro-Asiya ce da ba ta da makusa. Amma n da k ne, tsarin ya bambanta. Tamil ma "nan" da "ni" take da su a gurbin ni da kai. Sergei Starostin, wanda ya gaji makarantar Mosko, daga baya ya fitar da Afro-Asiya daga cikin Nostaratik ya mai da shi ɗan'uwa na gefe, saboda tsufansa shi kaɗai ya kai na sauran a haɗe. Joseph Greenberg, mutumin da ya tabbatar wa Cadi kujerarsa a Afro-Asiya, shi ma bai sa mu ba a babban dangin da ya tsara na Turai da Asiya.

Katina yanzu ga yadda yake. A fuska: saiwar kowane dangi, wanda ya gina ta, adadin rassan da ke da ita, da ainihin ma'anar kowace kalma yadda ƙamus ya ba da ita, ba yadda na taƙaita ba. Don Hausa nakan koma ƙamus ɗin Bargery na 1934, saboda yana kawo siffofin karin harshe da na zamani suka zubar, kuma nakan sa tsawon wasali da karin sauti. A baya: kowane uzuri da na nema wa kalmar. Kwalin kashi uku ne da na raba da kwali-kwali. Na gaba siriri ne, in na matse shi bai kai kaurin ɗan yatsana ba. *Wete na ciki, da *nimi, da *kälu, da m da t. Na baya, inda mtu yake, ya cika har yana tura murfi.

Na tsakiya ne ke cin lokacina. Akwai kati a ciki mai kalmar mu. Masu Nostaratik na haɗa ta da me na Finlan da mes na Lituweniya, duka "mu" suke nufi, kuma m ɗin nan ya bazu a Cadi, ba Hausa kaɗai ba. Ma'ana ɗaya ce ba tsalle, ba kayan kasuwa ba ce, ba bakin jariri ba. Baƙi ɗaya ne tak. Sau huɗu ina mai da shi gaba, sau huɗu ina dawo da shi tsakiya, har kusurwarsa ta lanƙwashe na liƙe ta da salatif.